Idan kaka ta rasu, wa zai ci gaba da haɗa taubasai?

Ɗan Kabi
Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ke faruwa a gidaje da yawa a nan Kebbi. Muddin kaka tana raye, gidanta ne matattara. Ranar Sallah ɗan wa da ɗan ƙane da ɗan gwaggo duk a tire ɗaya suke cin abinci. Da an yi sadakar arba'in ɗinta sai kowa ya kama gabansa, wannan yana karatu a Kalgo, wancan a Aliero, wata ta yi aure a Sakkwato, wani yana bautar ƙasa a kudu. Kafin shekara goma 'ya'yansu ba su san juna ba. Mu da muke tsakanin shekara 20 da 35, me za mu yi a aikace? Falalar zumunci kowa ya san ta. Tsari nake nema: rana, wuri, kuɗi, da abin da ke rusa tafiyar.

Baffan Yara
Wa alaikumus salam. Ƙanena, fara da rana. A yanke rana ɗaya a shekara wadda ba a sake shawara a kanta, domin taron da aka ce "sai an samu lokaci" ba ya yiwuwa. Wadda ta fi dacewa ita ce rana ta uku ta ƙaramar Sallah. Ranar idi ta iyaye ce, washegari ta surukai ce da gaishe-gaishen unguwa, ta uku kuwa yawanci babu mai ita. In ta faɗo ranar aiki a ɗauki Asabar ta farko bayan Sallah. A sanar tun farkon azumi, a sake tunatarwa a goman ƙarshe, saboda matan aure su nemi izini da wuri.

Bayawuri
Yaya, ranar tana da kyau amma a duba manoma. Sallah tana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara. A 'yan shekarun nan ƙaramar Sallah cikin Maris da Afrilu take faɗowa, daidai lokacin da shinkafar rani ke tsananin son ruwa. Mai gona a fadamar Argungu ko Suru ba zai bar injin ban ruwa kwana biyu ba, ko da wa ya kira shi. Babbar Sallah kuma tana zuwa gab da shuka. Saboda haka taron ya zama na yini ɗaya tak: a fara da ƙarfe 10, a watse da an yi La'asar.

Watsewa da La'asar ba don gona kaɗai ba ne. Kada a bar kowa ya kama hanya da dare, musamman masu komawa ɓangaren Zuru. Masu ƙetare kogi kuma ta wajen Yauri da Ngaski su shiga jirgin safe, su ƙi wanda aka cika da kaya, su nemi rigar kariya. Ba mu manta da hatsarin jirgin ruwa na Wara na watan Mayun 2021 ba. Idan Sallah ta koma cikin Agusta da Satumba, lokacin da ruwa ke cika, to a ɗaga taron zuwa bayan kaka.

'Yar Gwandu
Ni wajen kuɗi zan yi magana, domin a nan ƙungiyoyin dangi suka fi mutuwa.

Kada a jira sai saura mako ɗaya a ce kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Abin da ke biyo baya shi ne mutum biyu ko uku masu hali su ɗauki komai. Shekara ta farko za su yi da farin ciki, ta biyu da ƙorafi, ta uku su kashe waya. Su kuma waɗanda ba su bayar ba sai su ji kamar baƙi ne a taron gidansu, ba su da bakin magana.

A sa kuɗin wata, hawa biyu. Misali mai albashi ko sana'a ya ba da N1,000, ɗalibi da wanda bai samu abin yi ba N200. Kada a yafe wa kowa gaba ɗaya. Wanda ya ba da ko ɗari biyu ne yana jin da shi ake yi. Mutum 20 a kan N1,000 da mutum 10 a kan N200 sun tara N22,000 a wata, N264,000 a shekara. A raba gida uku: kashi ɗaya na taron shekara, kashi ɗaya na gudummawar biki da suna da ta'aziyya, kashi ɗaya a ajiye don rashin lafiya ta gaggawa. Gudummawar ta zama adadi ɗaya ga kowa, a rubuce. Ranar da aka ba ɗiyar baffa mai kuɗi fiye da ɗiyar gwaggo talaka, an gama.

Ma'aji daban, mai rubutu daban, kuma kada su fito ɗaki ɗaya. Duk ƙarshen wata a turo hoton littafin kowa ya gani.

Ɗalibin Aliero
Anti, in wani daga cikinmu ya shiga matsi, kuɗin makaranta ko jari, ba za a ranta masa daga asusun ba? Ai amfanin dangi ke nan.

'Yar Gwandu
A'a ƙanena, kada a soma. Bashin ɗan'uwa ba ya tambayuwa. Ma'aji ba zai iya tsare ɗan kawunsa ya ce biya ba, in ya yi kuma magana ta koma wajen iyaye, su ma su ɓata. Wanda ya ci bashin kunya za ta hana shi zuwa taro, kun rasa kuɗi kun rasa mutum. In buƙatar ta gaskiya ce a yi masa karo-karo na musamman, kyauta, ba a bin sa komai. Masu son juya kuɗi su yi adashe a gefe, da nasu littafin, kada ya haɗu da asusun zumunci.

Hajiya ta Kamba
Madalla da wannan. Bari in kawo na madafa, don samari in sun tashi lissafi ba sa tambayar mata.

A ce manya 40 ake sa rai. Kilo ɗaya na ɗanyar shinkafa yana ciyar da mutum 6 zuwa 7, to kilo 7 ke nan. Amma ku auna kilo 9, domin ba a taɓa taron dangi babu yara, da maƙwabta, da almajirai a bakin ƙofa ba. Ku auna da sikeli, mudu da tiya girmansu ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. Dafa-duka ta fi sauƙin rabo a kan shinkafa da miya, tukunya biyu, man gyaɗa kamar lita biyu. Akuya matsakaiciya ta isa in aka yanka gunduwa daidai-daidai, kuma a ƙirga naman a kan kowane tire tun a madafa, kada a bar shi ga mai rabo a tsakar gida. Shinkafar ma ba sai an saya ba, a Kebbi da wuya a rasa manomi a cikin dangi. A ƙiyasta kuɗinta a cire masa daga kuɗin wata.

Ruwa shi aka fi rainawa. Jakar ruwan leda guda 20 ce. A zafin Maris da Afrilu ku lissafa huɗu ga kowane mutum, jaka 8 ke nan, ban da na alwala da wanke hannu. A cika randa ko durom tun daren jiya.

Abin da ke lalacewa: a dafa shinkafa da asuba a rufe a kula, a ce sai bayan La'asar. A wannan zafin za ta yi yauƙi. A ɗora da hantsi, a ci da an sallame Azahar. Kunun aya in babu ƙanƙara ba ya kai yamma, zoɓo ya fi shi juriya.

Sai wata dabara ƙarama. Tire na mutum biyar-biyar ne, kuma mai rubutu ne zai haɗa sunaye, ta yadda 'yan ɗaki ɗaya ba za su zauna tare ba. In aka bar mutane da kansu, kowa wajen wanda ya saba da shi zai nufa, a tashi ba a san juna ba.

Ɗan Kabi
Hajiya, wannan ta tiren ta shige ni. To wuri fa? Gida ɗaya kullum ko zagaye?

Baffan Yara
Shekara biyun farko a babban gida, inda kakanni suka zauna, ko da ya tsufa. Babu wanda zai ce an kai taro gidan wane don yana da kuɗi. Bayan ya kafu sai a riƙa zagayawa, a bi tsarin haihuwar iyaye, daga ɗakin babba zuwa na ƙarami, a sa da ɗakunan gwaggonni a jerin. Wannan na ƙarshen a kula da shi. Sau da yawa ɗiyan maza su ke riƙe komai, ɗiyan mata sai an gama shiri a gaya musu, su zo kamar 'yan gayya. A ba su muƙami tun farko. In shugaba ɗan namiji ne, ma'aji ya zama ɗan mace.

Mai masauki wuri da tabarmi da ruwa kawai zai bayar. Abinci na asusu ne. In ba haka ba gasa za ta shigo, wannan ya yanka rago, na gaba ya ga sai ya yanka biyu, talaka in layi ya zo kansa ya ƙirƙiri tafiya.

Ɗalibin Aliero
Ni ina ganin kada a gayyaci iyaye ko kaɗan. Suna zaune babu mai sakin jiki, kuma tsohuwar rigimarsu suke zuwa da ita.

Malam na Jega
Ɗana, rabin maganarka gaskiya ce. Amma taron da aka yi a bayan idon iyaye, su za su fara zarginsa, kuma kalma ɗaya daga uwa ta isa ta hana 'ya'yanta biyar zuwa. Ku raba yinin. Awa ɗaya ta farko ta dattawa ce: a gaishe su, su yi addu'a ga mamata, kowane matashi ya tashi ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da inda yake zaune da abin da yake yi. Daga nan a kai musu abincinsu ɗaki, fili ya zama naku.

Rigimar da kake tsoro kuwa, yawancinta gado ce da 'yan ubanci. A kafa doka a rubuce: ba a maganar gado a taron zumunci. Gonar fadamar da ba a raba ba tun rasuwar kaka, magada ne za su zauna da malami ko su je gaban alƙali, ba jikoki a kan tire ba. Akwai wata mas'ala da ke sa ƙullaci ƙwarai, ya kamata matasa su san ta. Wanda mahaifinsa ya rasu kafin kakansa ba ya cin gadon kakan muddin akwai baffansa a raye. Hukunci ne, ba zaluncin baffanni ba ne. Hanyar da shari'a ta buɗe ita ce kakan ya yi masa kyauta yana raye, ko wasiyya da ba ta wuce sulusi ba, ko magada su ba shi wani abu don kansu. Wanda ya fahimci haka ba zai ɗora wa ɗan baffansa laifin da ba nasa ba.

Kuma wanda aka gayyata bai zo ba, a ci gaba da gayyatarsa. Hadisi ya inganta a Bukhari cewa mai sada zumunci ba shi ne mai ramawa ba, shi ne wanda in an yanke masa yake sadarwa.

'Yar Gwandu
Malam, a taɓa mana batun wasan taubasai. Wasu samarin suna fakewa da shi.

Malam na Jega
Taubasai, ko tobassai a bakin mutanenmu na nan, su ne ɗan mace da ɗan namiji, wato 'ya'yan wa da ƙanwa ko na ya da ƙane. Su ke da wasa a al'ada, har da kuɗin shara a watan cika-ciki. 'Ya'yan maza biyu ko na mata biyu ba abokan wasa ba ne, wa da ƙane ake ɗaukarsu. Wasan yana da amfani, yana sa a gaya wa mutum gaskiya yana dariya. Amma al'ada ba ta mayar da kowa muharrami. Ku duba aya ta 23 a Suratun Nisa'i, babu 'yar baffa, 'yar kawu, 'yar gwaggo ko 'yar inna a cikin waɗanda aka haramta aure. Saboda haka wasa na baki ne, ban da kai hannu, ban da fizge mayafi ko waya, ban da keɓewa a ɗaki. A taro tabarmar maza daban ta mata daban, a fili ɗaya, ana jin juna. Kuma in mace ta yi aure a rage, mijinta bai san wannan sabon ba.

Wasa kuma ba ya shiga abu huɗu: rashin aure, rashin haihuwa, rashin aiki, da mutuwar aure. Duk wadda aka tsokana da "yaushe za mu sha biki" a gaban mutum 40, baɗi ba za ku gan ta ba.

Abin da ke canja hukunci shi ne shayarwa. A gidajenmu na da, mace kan ba ɗan 'yar'uwarta ko na facalarta nono ba tare da an ɗauke shi komai ba. A mazhabar Malikiyya ko sau ɗaya nonon ya isa cikin jariri a cikin shekara biyun shayarwa, haramci ya tabbata. Yaron da ya sha ya zama ɗan'uwan duk 'ya'yan matar, na gabansa da na bayansa. Amma yayyensa da ƙannensa da ba su sha ba, su bai shafe su ba. A tambayi tsofaffin mata wa ya sha nonon wa tun suna raye, a rubuta.

Nas ta Argungu
Malam ya kawo mu inda nake jira. Duk inda taubasai ke haɗuwa a kai a kai, za a samu masu son juna, kuma iyaye suna murna da auren zumunci. Ba hanawa nake yi ba. A yi gwajin jini tun kafin magana ta je wajen manya.

Sikila gadonta ake yi daga uwa da uba tare. A sakamakon gwaji, AA shi ne wanda ba ya ɗauke da ita, AS yana ɗauke da ita amma ba ya ciwon, SS shi ne mai ciwon. 'Yan'uwan da suka haɗa kaka sun fi bare yiwuwar ɗaukar abu iri ɗaya. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na zuwa da SS, kashi 50 AS, kashi 25 AA. Ku lura, kowane ciki ne. Ba wai in an haifi huɗu ɗaya ne kawai zai kamu ba, ana iya jera uku masu ciwon. In AS ya auri SS, kashi 50 ne na zuwa da SS. AA da AS ba sa haifar SS. Akwai kuma AC, in ya haɗu da AS ana iya samun SC, shi ma ciwo ne.

Inda ake kuskure: a dogara da takardar da aka yi tun sakandare, ko a yi gwaji ana saura mako biyu ɗaurin aure, an kai lefe, babu mai iya janyewa. A yi a wuri biyu daban-daban, in sakamako ya saɓa a yi na uku a babban asibiti. Wanda aka ƙara wa jini cikin wata uku da suka wuce ya jira, domin jinin da aka sa masa yana rikita sakamakon. Shawarata ga ƙungiyar dangi, a ƙarfafa kowa ya san nasa tun babu maganar kowa a ransa. Amma sakamako sirrin mai shi ne, ba a karanta shi a taro, ba a tura shi a zauren WhatsApp.

Bayawuri
Ƙari a kan auren zumunci: in ya lalace ba mutum biyu yake rabawa ba, ɗaki biyu yake rabawa. Ƙungiya ta yanke tun yanzu cewa ba ta shiga shari'ar ma'aurata, kuma duk su biyun suna nan a matsayinsu na 'yan ƙungiya.

Ɗan Kabi
To tsakanin taro da taro fa? Wata goma sha ɗaya ba kaɗan ba ne.

Hajiya ta Kamba
Zauren WhatsApp yana taimakawa in an tsare shi. Ban da siyasa, ban da saƙonnin da ake turowa daga wasu wurare, ban da talla sai rana ɗaya a mako. Sanarwar rasuwa mutum ɗaya ne ke yin ta, kuma sai ya tabbatar an gaya wa 'ya'ya da iyayen mamacin baki da baki. Mummunan abu ne mutum ya buɗe waya a aji ko a kasuwa ya ga hoton mahaifinsa da "Inna lillahi". Kada kuma a sa rana da wurin taro a Facebook kafin a yi, hotuna sai kowa ya isa gida.

Amma zumunci a ƙafa yake. A raba mutane gari-gari: na Birnin Kebbi su haɗu Juma'ar farko ta kowane wata bayan masallaci, su je gaida dattijo ɗaya, ko da lemo da goro ne. Mu na bakin iyaka a tuna da danginmu na Gaya da Dosso. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na 2023 an ga yadda ziyara ta tsaya cak, saboda haka a ajiye lambobinsu a littafi, a sa su a zauren.

Ɗalibi ko mai neman aiki da zai sauka gidan kawu ko gwaggo, ya faɗi ranar zuwa da ranar tafiya tun kafin ya taso. Ya riƙo tsaraba ko yaya take, bandar kifi in daga Yauri ko Argungu yake, albasa in daga Aliero. Ya wanke kayansa, ya shigo kafin a rufe gida, ya ɗauki aiki ɗaya ya riƙe, ko ɗebo ruwa ko kai yara makaranta. Abin da ya gani a gidan kuma ya bar shi a gidan. Yawancin gabar da ke tsakanin iyaye mata, baƙon da ya koma da labari ne ya haddasa ta.

Baffan Yara
Saura aiki ɗaya da ba ya jira: rubuta salsala. A ba mutum biyu, mace da namiji, littafi mai kauri da waya mai ɗaukar murya. Su fara da mafi tsufa, kuma su fi zama da tsofaffin mata, su suka san wa ya haifi wa, wa aka ba wa riƙo. Kowane ɗa na kaka shafinsa daban, a jera matansa, a ƙarƙashin kowace mace 'ya'yanta, har da waɗanda suka rasu suna ƙanana.

Wahalar tana wajen sunaye. Tsohuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ko na ɗan farinta ba saboda alkunya, sai a tambayi wata. Da yawa kuma da laƙabi aka san su, to a rubuta sunan yanka da laƙabin gefe da gefe. Sunan rana yana taimakawa, Ladi da Ɗanladi Lahadi, Balarabe Laraba, Jummai Juma'a, Asabe Asabar. Shekarar haihuwa kuwa kada ku tambaya da lamba, ku tambaya da abin da ya faru. In ta ce shekarar da aka canja hannun tuƙi, 1972 ke nan. Fitowar naira 1973. Canjin kuɗi na mulkin soja 1984. Ba mu jihar Kebbi 1991.

Ɗalibin Aliero
Baffa, littafin a hannun wa zai zauna? Kada ya ɓace ko wani ya riƙe.

Baffan Yara
Na asalin a babban gida, wajen dattijon da ke zaune a can. A ɗauki hoton kowane shafi a tura wa mutum ɗaya a kowane ɗaki. Ranar taro a fito da shi bayan addu'a, a karanta haihuwa da aure da rasuwar da aka samu a shekarar, a ƙara da biro a gaban kowa, mai rubutu ya sa kwanan wata a ƙasan shafin. In an samu saɓani a kan wani suna, kada a goge, a rubuta duka biyun da sunan wanda ya faɗi kowanne.